Kuɗinmu Ba Shara Ba Ne

Kalmar "housekeeping" ta sami gindin zama a tarurrukanmu. Asalinta a Turanci kula da gida ne, wato shara da gyaran shimfiɗa, shi ya sa otal-otal ke kiran sashen masu gyara ɗakuna da ita. A zauren taro kuwa, tana nufin ƙananan al'amuran da ba sa bukatar muhawara: rajistar mahalarta, lokacin tashi salla, ranar zama na gaba.

To, yaya aka yi kuɗin da ake yanka daga albashinmu kowane wata ya faɗa cikin wannan kwando? Da malami ya tambayi inda suka shiga, sai a ce "housekeeping" ne, shugabanni za su duba. Wannan rufa-rufa ce aka sa wa rigar Turanci, kuma mu da muke koyar da ma'anar kalmomi ba za a toshe mana baki da kalma ba.

Muna bukatar rahoton ma'aji ya zama batu mai zaman kansa a ajanda, a karanta shi da Hausa, a amsa tambayoyi kafin a tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗakin nan kuwa namu ne.