Rubuta Suna da Sauƙi, Gogewa da Wuya

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku sani Gwamnatin Amurka tana da wani kundi inda take rubuta sunan ƙasar da ta ce tana ɗaure wa ta'addanci gindi. Ƙasar da aka rubuta, sai a yanke mata taimako, bankunan duniya su guje ta, kaya su yi tsada. Maganar ta shafe mu, gama Hausawa da Fulani suna da yawa a Sudan, har akwai garin Mai Wurno wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

An rubuta Sudan a 1993, zamanin Umar al-Bashir. Ba mu ce an yi masa ƙage ba, tun da Usama bin Ladan ya zauna Khartum har 1996. Amma jama'a suka tashi, aka tumɓuke shi a 2019, suna kuwa yana nan daram. Sai Disamba 2020 aka goge, bayan Sudan ta biya diyyar dala miliyan 335. Azzalumi ya ci bashi, talaka ya biya.

Ga yadda dokar take. Wajen rubutawa, Sakataren Harkokin Waje ya isa shi kaɗai. Wajen gogewa kuwa, hanyar da aka bi da Sudan ita ce Shugaban Ƙasa ya shaida wa Majalisa cewa ƙasar ta yi wata 6 ba ta taimaki 'yan ta'adda ba, kana a jira kwana 45 ko wakilai za su ƙi.

Mu ba mu ƙi Majalisa ta sa ido ba. Dubi Kuba: an goge ta a 2015, aka mai da ita a 2021. A Janairu 2025 wani shugaba ya sa hannu a goge, bayan kwana 6 magajinsa ya soke. Abincin miliyoyin mutane bai kamata ya rataya ga alƙalamin mutum ɗaya ba.

Abin da muka ƙi shi ne linzami a gefe guda. Ko a kasuwar Aujara, ba a kiran mutum ɓarawo sai da shaidu, wanda ya biya bashi kuma ba a barin sunansa a littafi. Saboda haka muna cewa: wakilai su binciki rubutawa kamar yadda suke binciken gogewa, su kuma faɗi sharuɗɗan fita a fili tun ranar farko.