A Duba Sheƙa Kafin A Kafa Ƙarfe

Tun shigowar wayar salula a 2001, dogayen ƙarafan sadarwa suke ta tsirowa a Ibadan. Babu mai musun amfaninsu ga ɗan Sabo da ke cinikin goro ko shanu da Arewa. Amma fa ba a kafa ƙarfe sai an share fili, wani lokaci har da sare dogayen itatuwa.

A bisa irin waɗannan itatuwa ungulu ke sheƙa, ita da ke kwashe mushe a mahauta. A 2015 masana suka lissafa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Haka nan malimbe na Ibadan, ɗan tsuntsu mai baƙi da ja, ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin ƙasar nan.

Dokar 1992 ta tanadi binciken muhalli kafin manyan ayyuka, kuma ƙa'idodin hukumar NESREA na 2011 sun shafi ƙarafan waya. Saboda haka wajibi ne mai fili ya nemi ganin takardar binciken kafin ya sa hannu, shugabannin Sabo kuwa su mara masa baya. Kamfanin da ya bi doka ba zai ƙi nuna ta ba.