In An Tura Mara Lafiya Babban Asibiti, Wa Ke Bin Sawunsa?

Jama'ar Kakuri da Makera da Nasarawa, mutanen Barnawa da Narayi da Talbijin, da ku na Sabon Tasha da Unguwar Romi har Gonin Gora! Zaɓe ya matso, kuma kun san halin 'yan takara: ba da daɗewa ba za ku ji ana rantsuwa za a cika asibitoci da kwamfuta. To, kafin ku tafa, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, don kwamfutar asibiti aiki biyu ne gare ta, su kuwa ɗaya kawai suke faɗa muku.

Ni alli na ajiye na shiga aikin jam'iyya, saboda haka da misalin makaranta zan yi muku bayani. Kowane aji yana da rajista, inda ake rubuta sunan yaro da zuwansa da makinsa. Amma ran da yaro zai koma wata makaranta, rajista ba ta bin sa. Sai hedimasta ya rubuta takardar canji, kuma hedimasta na gari ba ya hutawa sai ya ji an karɓi yaron a can. Haka abin yake a asibiti. Manhajar adana bayanan mara lafiya ita ce rajista: awon jininsa, rukunin jininsa, maganin da ya sha, gwajin da aka yi masa. Manhajar tura mara lafiya kuwa ita ce takardar canji da hedimasta mai bin sawu a haɗe. In aka sayi ta farko aka bar ta biyu, an gyara ɗaki ne aka manta ƙofa.

Ku duba yadda ake yi da takarda. Akwai fom na gwamnati mai ɓangare biyu. Malamin asibiti ko ungozoma ta cika na sama ta ba mara lafiya, likitan babban asibiti kuma ya cika na ƙasa ya mayar, don a san abin da aka gano da abin da za a ci gaba da yi. Dabara ce mai kyau, ba shakka. Sai dai wa ke ɗauke da takardar? Mara lafiyar da kansa, ko mijin da hankalinsa ya tashi, a cikin Keke Napep, wataƙila ma ana ruwa. Asibitin da za a je bai san ana tafe ba. Wanda ya tura bai san ko an isa ba. In ba gado, sai a ce a gwada gaba, a sake shiga keke, a hau gada a tarar da cunkoso a shataletalen Sitadiyam. Ɓangaren ƙasa na fom ɗin nan kuwa, ku tambayi duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani sau nawa ya ga ya dawo hannunsa.

Mu da ke kudancin kogi wannan magana ta fi shafa. Muna da asibitin Gwamna Awan da na Sen Jerad a Kakuri, da babban asibitin Sabon Tasha, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Amma in ciwo ya fi ƙarfin waɗannan, ko ana neman ƙwararre, sai an haye ruwa zuwa Barau Dikko ko asibitin soja na 44, wani lokaci ma har Shika ta Zariya. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Awa biyu fa, jama'a! A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata wajen 75,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Madalla. To amma tiyatar kyauta ba ta amfanar wadda ke yawo tsakanin asibiti da asibiti ana neman gado.

Yanzu ga yadda zai kasance in manhajojin biyu suna aiki tare. Ungozoma a ƙaramin asibitin unguwa ta ga jinin mai ciki ya hau, har ta fara jijjiga. Ta yi mata allurar farko, ta danna tura. Ba sai ta sake rubuta komai ba, domin suna da shekaru da awon watannin baya da lokacin da aka yi allurar duk suna cikin rajista, manhajar turawa ta kwaso su da kanta. Saƙo ya isa babban asibiti kafin keke ya tashi. Can a amsa: ku kawo ta, akwai gado, ko kuwa ba gado, ku wuce wuri kaza. Likitan da zai karɓe ta ya san ƙarfe nawa aka yi allura, ba zai maimaita kafin lokaci ba, ba kuma sai an sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi ba. In awa ta wuce ba a ga isowarta ba, sunanta ya fito da ja a wajen wanda ya tura, a buga waya a ji ko lafiya. Ran da aka sallame ta, bayanin likita ya koma cikin rajistar ƙaramin asibiti, ungozoma ta san ranar da za ta auna ta. Mai ciwon suga da mai hawan jini da yaro mai sikila, waɗanda zirga-zirgarsu ba ta ƙarewa, su ma haka.

Abin da nake so ku riƙe shi ne kalmar "tare". In aka ba ɗan kwangila ɗaya rajista, aka ba wani manhajar turawa, kuma ba su jin harshen juna, to an ƙara wa nas aiki ne kawai. Ga layi har bakin ƙofa, ga littafin gwamnati, ga alƙaluman wata-wata da ake shigarwa DHIS2, sannan a ce ta buga sunan mutum ɗaya sau biyu a manhaja biyu? Wallahi mako ba zai cika ba za ta koma takarda, kuma ba wanda zai ga laifinta. Shi DHIS2 ɗin ma jimla yake ƙirgawa, mutum nawa aka tura a wata, bai san ko wance ta isa ba. Akwai ƙa'idar musayar bayanan lafiya da duniya ta sani, ana ce mata FHIR. Sai a sa ta cikin sharaɗin kwangila tun farko: wanda manhajarsa ba ta magana da ta wani, kada a biya shi ko kwabo.

Na san wani zai ce, Malam, mutane na neman Panadol kana zancen kwamfuta? Ina wutar? Ina sabis? Gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa muke cewa a haɗa da hasken rana, a zaɓi manhajar da ke aiki a wayar hannu ko ba sabis ta aika daga baya, fom ɗin takarda kuma a bar shi a aljihun tebur saboda ranar tsautsayi. Amma kada a ce mana abin ya fi ƙarfinmu. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma daga 2015 aka ɗauki aikin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Wanda ya yi aiki ba ma hana shi yabonsa. A jihar nan ne a 2022 jiragen Zipline marasa matuƙi suka fara kai magani daga Pambeguwa. Ashe magani zai iya tafiya ta sama, amma saƙon ungozoma ba zai iya haye Kogin Kaduna ba? Kuɗi kuma akwai inda za a nema. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa.

Sai maganar sirri, wadda ba wasa ba ce. Unguwanninmu kowa ya san kowa. Mai tarin fuka, ko wanda aka tura Barnawa, ba ya son labarinsa ya riga shi isa gida. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Saboda haka kowane ma'aikaci da lambar shigarsa, manhaja ta rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, wanda ya leƙa abin da ba ruwansa kuma a hukunta shi.

Don haka, iyayena da 'yan'uwana, ran da ɗan takara ya zo unguwarku, namu ne ko na wasu, kada ku tambaye shi kwamfuta nawa zai saya. Ku ce masa: cikin mutum ɗari da ƙaramin asibitinmu zai tura gaba, nawa za a tabbatar sun isa, nawa kuma amsar likita za ta dawo? Ku nemi ya yi alkawari a gaban Mai Unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa cewa za a riƙa liƙa waɗannan alƙaluma biyu a bangon asibiti kowane wata uku. Ku sa sakataren kwamiti ya rubuta amsar da ya bayar, da kwanan wata, ɗan takarar ya sa hannu a ƙasa.