Mai Zane ko Maroƙi?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan boko, wai mai zanen da ke fitar da mutum yadda yake, da tamojin goshinsa da fason ƙafarsa, ba fasihi ba ne, kwaikwayo kurum yake yi, kuma wai kyamara ta riga ta raba shi da aiki. Ni kuwa na ce wannan magana ba ta da tushe balle makama. Shaidata ita ce rayuwar Gustave Courbet, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1819 a wani ɗan gari mai suna Ornans.

A zamaninsa, manya-manyan zane-zane na sarakuna ne da barade da tatsuniyoyin Girkawa. Talaka ba shi da mazauni a ciki sai a lungu. To, a 1849 Courbet yana tafe a hanya, sai ya ga mutum biyu suna fasa dutse a gefen titi, tsoho da yaro. Ya kira su ɗakin aikinsa, ya tsayar da su, ya zana su kusan daidai da girman jikinsu: tsohon ya durƙusa da guduma, wandonsa duk faci, yaron yana kokawa da kwandon tsakuwa, rigarsa a yage. Bai nuna fuskokinsu sosai ba, balle su roƙi tausayin mai kallo. Wanda ya duba ya san cewa yaron nan shi ne tsohon nan gobe. Wannan kwaikwayo ne, ko kuwa tuhuma?

Daga nan ya zana jana'iza a garinsu, faɗin zanen ya haura mita 6, mutanen ciki sun fi 40. Mutanen garin ne suka riƙa zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya yana zana su. Yakan fara da shimfiɗa duhu, sa'an nan ya fito da haske a kai, sau da yawa yana yaɓa fenti da wuƙa kamar magini a jikin bango. Da aka baje zanen a Faris, masu sharhi suka ce mummuna ne. Muninsa ɗaya ne: an ba ƙauyawa filin da aka saba ba sarakuna.

Ku lura, a lokacin an riga an san kyamara tun 1839, amma ba ita ta hana manya barci ba. A 1855 alƙalan babban baje kolin Faris suka ƙi karɓar zanen jana'izar, shi kuwa ya kafa rumfarsa da kuɗinsa a kusa da su. A 1870 ya ƙi karɓar lambar girma daga gwamnatin Napoleon na Uku. Bayan boren Faris na 1871 aka ɗaure shi wata 6, daga baya ya yi gudun hijira zuwa Suwizalan, can ya rasu a 1877. Zanen masu fasa dutsen ma ya salwanta a 1945, a ruwan bama-baman da aka yi wa Dresden ta Jamus. Ko a nan aikin kyamara ya tsaya ga adana mana kamanninsa, amma idon da ya zaɓi mutanen nan biyu na Courbet ne.

Saboda haka tambayar ba ita ce ko zane ya yi kama da mai shi ba. Tambayar ita ce, wa aka zaɓa a zana, kuma me aka ɓoye? Mai zanen da aikinsa shi ne rage wa mai mulki tumbi da goge masa furfura, maroƙi ne, buroshi ne kalangunsa.

Gobe waɗansunku za su zauna a ofis, su sa hannu a sayi zanen da za a rataya a bango. Ranar nan ku tuna da ɗan ga-ruwa da leburan da ya gina bangon. In kun ce ba su dace da bango ba, to, ku daina ɗora wa kyamara laifi.