Lissafin Alwatika Ba Abin Hadda Ba Ne

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata al'ada wadda ya kamata mu bari, watau koya wa yara sain da kosain da tanjan kamar waƙa, su haddace, ba su san amfaninsu ba. A ganina lalle wannan darasi a fili ya kamata a fara shi, da igiyar awo a hannu, gama gani ya kori ji.

Ga misali. Yaro ya tsaya ƙafa 60 daga gindin rimi, ya auna kusurwar da ke tsakanin daidai idonsa da ƙwololuwar itacen, ya sami digiri 35. Ya san gefen da ke kwance, yana neman wanda ke tsaye daura da kusurwar, saboda haka tanjan zai ɗauka. Tanjan na 35 kuwa kusan 0.7 ne, 60 sau 0.7 ya ba da 42. In ya ƙara ƙafa 5 na tsayin idonsa daga ƙasa, rimin ƙafa 47 ke nan, bai kuwa hau ba. Haka kuma tsani mai ƙafa 20 in an jingina shi ga bango bisa digiri 60, kosain, watau 0.5, zai nuna masa gindin tsanin yana ƙafa 10 daga bangon.

Wani zai ce fita fili ɓata lokaci ne, ga jarrabawa tana matsowa. To, amma abin da ya fi kayar da yara shi ne rashin sanin wanne za su zaɓa cikin ukun nan. Wanda ya taka gefen alwatika da ƙafarsa da wuya ya rikita shi da wani.

Kada kuma mu raina wannan ilmi. Da irinsa ne ma'auna ƙasar Indiya suka hangi dutsen Ebarest daga nisan fiye da mil 100, Radhanath Sikdar ya yi lissafi, a 1856 aka ba da sanarwa tsayinsa ƙafa 29,002 ne. Awon da Nefal da Sin suka bayyana a 2020 bai fi wannan da ƙafa 30 ba. Ba a kuwa hau kansa ba sai a 1953.

Saboda haka, malamai, ku fitar da yaranku fili su auna. Hadda ta biyo baya.