Taron likitoci kan tamowa: me zai hana a yi shi a Ɗan Issa?

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya san Ɗan Issa, domin nan ne ake tsayawa a yi ta jira a bakin kwastan kafin a tsallaka Nijeriya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sunan wannan yanki namu na Madarunfa ya daɗe yana yawo a manyan tarurrukan likitoci na duniya, kuma 'ya'yanmu ne dalili.

Idan ba mu manta ba, a yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma Ɗan Issa na cikin wuraren da aka yi aikin. A lokacin ne aka tabbatar cewa yaron da bai galabaita ba yana iya warkewa a ɗakin uwarsa, muddin ana ba shi abincin gyaɗan nan na leda, wato Plumpy'Nut. A watan Satumba na 2008 aka yi babban taro kan tamowa a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok na Amurka. Abin mamaki, a daidai lokacin gwamnatin Tandja Mamadu ta riga ta dakatar da reshen MSF na Faransa daga aiki a Maraɗi tun watan Yuli. Masana na can suna tafa wa juna, uwaye na nan suna neman inda za su kai yara.

Bincike bai tsaya ba. Tsakanin 2012 da 2013 an gwada maganin amoksisilin a kan yara kusan 2,400 a Madarunfa, aka ga cewa ba wa kowane mai tamowa shi bai ƙara yawan masu warkewa ba. A 2017 kuma aka bayyana sakamakon allurar bakin nan mai jure zafi ta rigakafin zawon jarirai, wadda aka gwada a kan jarirai sama da 3,500 na yankin, ta kare kusan biyu bisa uku daga zawo mai tsanani. To, mu tambayi kanmu, uwaye nawa ne cikin waɗanda suka riƙa barin tallarsu suna kai yaran awo suka ji wannan sakamako da Hausa?

Shi ya sa muke ganin duk mai shirin tara ma'aikatan lafiya a kan cutar yaran wannan yanki, ya kamata ya fara da tambayar inda za a yi taron. Otal mai sanyi a Yamai yana da daɗi, amma malamin asibitin da ke kwana da yaran ba zai je ba, sai dai shugabansa, wanda zai karɓi jaka da kuɗin zama ya dawo da takardu. Ba hassada muke yi ba, kowa da rabonsa. Sai dai an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lokacin ma abin dubawa ne. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada, ga zazzaɓin cizon sauro, gadajen asibiti sun cika har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Wanda ya kira taro a wannan tsakani ya ɗauke ma'aikaci daga kan mara lafiya ne. A yi shi da bazara, kafin ruwa ya sauka, yadda abin da aka yanke zai yi amfani a damina.

Babban al'amari kuwa shi ne kan iyaka. Kwalarar 2018 da ta kama mutum sama da 3,000 a Nijar, a gundumar Madarunfa ta fara, a watan Yuli, kuma marasa lafiyan farko daga Jibiya aka kawo su asibitin Inyalwa. Haka nan mata da yawa daga jihar Katsina sun riƙa tsallakowa da yara masu tamowa, har a 2021 MSF ta buɗe aiki a Katsinar kanta. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, kafin a buɗe a Maris 2024, mun ga yadda kasuwa ta mutu, amma cuta ba ta tsaya nuna takarda ba. Taron da babu ma'aikatan Jibiya da Katsina a cikinsa rabin taro ne. Kuma da yake namu da Faransanci suka yi karatu, nasu da Ingilishi, harshen da ya haɗa su shi ne wanda suke tambayar uwar yaro da shi. A yi taron da Hausa mana.

Sai mu, 'yan kasuwa. A Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore, aka ga awonsu bai gaza na ma'aikatan unguwa ba. Ke nan macen da ta iya awon tiya ta iya wannan. Ya kamata a ba shugabannin matan kasuwa da ungozomomi kujera a zauren, kuma a bar su su yi magana, ba rawa da guɗar tarbar baƙi kaɗai ba. A nan ne za a faɗi abin da kowa ya sani ake kau da kai: abincin ledar nan da aka ba yaro a matsayin magani yana ƙarewa a faifan talla. Uwar da ta sayar ba don ƙiyayya ba ne, sauran yara biyar ne a gida babu tuwo. Amma mu da ke saye muna sari, hannunmu na ciki, kuma likitan Yamai ba zai iya hana wannan ciniki ba, sarkin kasuwa ne zai iya.

Idan aka tashi taron, muna so a fito da takardar tura mara lafiya guda ɗaya wadda asibitin Ɗan Issa da na Jibiya za su karɓa, da lambar wayar da za su sanar da juna ranar da aka ga mai amai da gudawa na farko. Sannan a karanta abin da aka yanke a rediyo, a kuma sa sankira ya faɗe shi ran kasuwa.