Makyarkyatar Baffa da Kwalaben Ƙarin Kuzari

Ranar Juma'ar da ta gabata na je Kura gaishe da baffana, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana noman rani da ruwan madatsar Tiga. Shekara uku ke nan da likita ya tabbatar masa cewa makyarkyatar hannunsa da nauyin tafiyarsa cutar Parkinson ce. Na tarar rawar hannun ta ƙaru, har kofin shayi sai an riƙe masa. A bakin taga kuwa ga kwalabe huɗu na ƙwayoyin ƙarin kuzari. Wani mai talla ne ya ce masa suna wanke jijiya, sai ya sayar da buhu biyu na shanshera ya saya, ya jingine maganin asibiti.

Ban ga laifin Baffa ba, domin mai neman lafiya ba ya raina shawara. Sai dai ya kamata mu san cutar. Likitan Ingila James Parkinson ne ya bayyana ta a 1817. Tana faruwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki, suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma levodopa, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960, yana sassauta alamominta ƙwarai. Daina shan sa farat ɗaya haɗari ne babba.

Su kuwa ƙwayoyin ƙarin kuzari, masana sun gwada fitattunsu a kan ɗaruruwan majinyata a Amurka. An fitar da sakamakon bitamin E a 1993, na coenzyme Q10 a 2014, na creatine a 2015. Babu ɗaya da ya rage wa cutar gudu. Lambar NAFDAC da mai talla ke nunawa a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaidar waraka ba ce. A duba da kyau, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Wasu ƙwayoyin har cikas suke kawowa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yana hana hanji tsotse levodopa, don haka ake raba su da aƙalla awa biyu. Nama, wake da nono ma suna iya rage masa ƙarfi, shi ya sa likitoci kan ce a sha shi rabin awa kafin cin abinci. Akwai kuma inda ƙarin ke da amfani: bitamin D domin ƙarfin ƙashi, tunda mai cutar yakan yawaita faɗuwa, da bitamin B12 idan awon jini ya nuna ƙarancinsa. Taurin bayan gida da ke addabar su kuwa, yawan shan ruwa da cin zogale da rama sukan sauƙaƙa shi, ba tare da an sayar da buhu ba.

Ga 'yan'uwana manoman Kura, Bunkure da Garun Malam akwai wani jan hankali. Bincike da dama ya alaƙanta yawan cuɗanya da maganin ciyawa na paraquat da wannan cuta, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Matashin da ke feshi ba takunkumi, ba safar hannu, ya tuna cewa jiki yana ajiye bashi.

Ranar Litinin muka koma da Baffa wurin likitansa, da kwalaben nan huɗu a leda. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya bar masa guda, ya mayar da shi kan maganinsa. Duk mai irin wannan majinyaci a gida ya yi haka: ya kwashi abin da ake sha duka, ya ajiye a gaban likita, kafin ya sake buɗe rumbu.